Haihuwa a Ingila ba ta ba jariri fasfon Birtaniya

A Kano, da an ji matar wane ta haihu a Landan ko Manchesta, sai ka ji ana ta barka ana cewa yaro ya zama ɗan ƙasa. Dokar da ke mai da wanda aka haifa a can ɗan ƙasa ta canza tun 1 ga Janairun 1983. Yanzu sai uwa ko uba ya kasance ɗan Birtaniya, ko yana da izinin zama na dindindin ranar haihuwar. In da bizar karatu ko ta aiki iyaye suke zaune, jaririn ɗan Najeriya ne, fasfon Najeriya za a yi masa, sannan a nema masa biza kafin a kawo shi gida a koma da shi.

Akwai wata ƙofa: yaron da aka haifa a can, ya yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a ƙasar, yana iya neman rajistar zama ɗan Birtaniya, muddin bai wuce kwana 90 a waje ba a kowace shekara. Nan ne nake jin tausayin iyaye. Sai a kawo yaro yaye wurin kakarsa a Gwammaja ko Fagge, ya yi wata biyar yana shan kunu, ba wanda ya san kwanakin nan ana lissafa su.