Babban titi ya raba mana gari biyu, wa ya tuna da mai keke?

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Maiduguri ranar Juma'a ya san yadda Wudil take cika, masu shanu, masu amalanke, 'yan talla, ga dattijo ya dauro buhun masara a kekensa yana lallabawa a gefen kwalta, tirela kuma ta taho a guje kamar ba mutane a wajen. Haka Shuwarin take ranar Litinin, haka Gujungu ranar Lahadi. Amma da an fara zancen kare masu tafiya a kasa sai kaji birni kawai ake nufi, gadar sama da danja da 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar motoci a Kano. To mu fa, da makaranta take tsallaken titi, famfo a tsallake, makabarta ma a tsallake?

Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a hatsarin hanya, fiye da rabinsu masu tafiya a kasa ne da masu keke da babur. Mu kenan. Doka ta ce a cikin gari kada mota ta wuce gudun kilomita 50, amma direban da ya baro Kano yana taka wuta babu abin da zai nuna masa ya shigo gari, titin lafiyayye ne mikakke, allon ma ya goge ko an cire, 'yan Rod Sefti kuma ba za su tsaya a kowane kauye ba.

Abin da aka saba, sai mota ta take yaro, a yi jana'iza, a ce kwana ne ya kare, washegari matasa su fito da shebur su tara kasa a tsakiyar titi. Wallahi ban ga laifinsu ba, zafin rai ne. Sai dai tudun da ba fenti ba alama, da daddare shi ne zai kayar da dan acaba ya dauko mai nakuda. Mun yarda da kaddara, amma ai ba kaddara ce ta zana titin ba, injiniya ne, kuma da kudin gwamnati.

Tun a takardar kwangila ya kamata a rubuta, duk inda titi zai ratsa gari a bar gefe mai fadi na keke da amalanke, a yi tudun rage gudu na gaske mai fenti kafin a shigo, a sa fitilun sola a wajen tsallakawa, tasha da 'yan tebur a matsar da su baya. Wannan ba wani kudi ba ne a kan kwangilar biliyoyi.

Mu ma da namu. Dan gefen da ake da shi mun mayar da shi wajen shanyar gero da barkono, dole mai keke ya hau tsakiyar kwalta, kekunan kuma yawanci ba fitila, bayan magariba direba ba ya ganinka sai ya zo daf. Wannan mai unguwa da dagaci za su iya hanawa gobe ma.

Dan majalisar da ya zo rabon babura kuwa, a tambaye shi a gaban jama'a, a wane gefen titin za a hau su.