Nasiha ga masu digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma

Ƙannena da ke karatun bin diddigin cututtuka a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku bar ɗabi'ar nan ta tara takardun tambayoyi buhu guda, sannan a kai wa mai SPSS, manhajar lissafin alƙaluman bincike, a ce ya fitar da sakamako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya lalace wurin tsara bincike, babu kwamfutar da za ta gyara shi.

Mu fara da 384 ɗin nan da kowa ke kwafa a matsayin adadin mutanen da za a tambaya. Tana fitowa ne idan an ɗauka rabin jama'a na da abin da ake nema, da tabbacin kashi 95 cikin ɗari, da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba, kuma kowane mutum an zaɓo shi ta hanyar ƙuri'a. To kai unguwa-unguwa ka ɗiba. Mutanen unguwa ɗaya rijiyarsu ɗaya, amsoshinsu na kama da juna, don haka aka saba ninka adadin biyu, ya koma 768. Idan kana tsammanin kashi 10 ba za su amsa ba, raba da 0.9, ka nemi kusan 853. Ka yi wannan lissafi kafin ka tsara kasafin kuɗi, ba bayan mai ya ƙare ba.

Sai maganar fassara, inda aka fi zuba. Tambayi uwa ko yaronta ya yi gudawa cikin mako biyu da suka wuce, ta ce a'a. Zauna kaɗan, sai ka ji ta ce, “Haƙora dai yake fitarwa, cikin na ɗan tafiya.” A wurinta wannan ba ciwo ba ne. Don haka tambayi sau nawa ya yi bayan gida mai ruwa a yini. Uku ko fiye, shi ne ma'aunin. Haka masassara: ba kowace ce ta cizon sauro ba sai gwaji ya nuna. Shekarun yaro kuwa, auna su da azumi, babbar salla da faɗuwar damina. Wani ya mayar da takardar tambayoyin Hausa, wani daban ya sake mayar da ita Turanci, a gwada ta a unguwar da ba ta cikin binciken. Gidan da ba a shiga, mace za ka tura. Kuma kada ka tambayi kowa komai kafin kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ka izini a rubuce.

Masu ɗibar bayanai daga fayilolin asibitin koyarwa, ku yi hattara. Wanda ya iso daga Illela ko Isa, ko dai ciwon ya tsananta, ko yana da kuɗin mota. Sakamakonka na marasa lafiyar asibitin ne, kada ka rubuta “mutanen Sakkwato”.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A zauren kare kundi ba za a tsaya kan p ɗinka, wato ma'aunin ko sakamakon dace ne kawai, ta gaza 0.05 ba. Za a tambaye ka me ya sa ka zaɓi wannan gwajin na lissafi, kuma ko talauci ne ke ɓoye bayan alaƙar da ka gano. Mai SPSS yana shagonsa a lokacin.