Babu "ƙaramin admin" a kan kwantirolar domen

Masu kula da netwok, ku matso, yau da ku nake.

Kwanakin baya wani ɗan kwangila ya zo zai saka mana manhajar adana bayanai. Ya ce, "Yallaɓai, ni ba admin ɗin domen nake nema ba, na wannan na'urar kaɗai za ka ba ni." Na'urar kuwa kwantirolar domen ce, wato sabar da ke riƙe da asusu da kalmomin sirrin dukkan kwamfutocin da aka haɗa ƙarƙashin kulawa ɗaya, abin da ake kira domen. Ban yi masa gardama ba. Na ja masa kujera na ce ya buɗe lusrmgr.msc, wurin sarrafa asusun na'ura ita kaɗai, da hannunsa. Ya buga, Windows ta ce masa wannan ba ya aiki a nan. Ya goge ya sake bugawa a hankali, wai ko yatsa ne ya zame.

Ban ga laifinsa sosai ba, domin a sauran na'urori maganarsa daidai ce. Kwamfutar ma'aikaci ko sabar da ke ƙarƙashin domen, kowace tana da rumbun asusunta, wato SAM, kuma admin ɗinta sarki ne iya ɗakinsa. Amma ranar da ka ɗaga sabar ta zama kwantirola, wannan rumbun ya daina karɓar baƙi. Asusu duka suna zama ne a cikin NTDS.dit, fayil ɗin Active Directory, wato kundin asusun domen, kuma ana kwafe su zuwa kowace kwantirola da ke domen ɗin. Idan ma ita ce ta farko, asusun Administrator da ka shiga da shi shi ne yake rikiɗewa ya zama na domen gaba ɗaya, mai 500 a ƙarshen lambar shaidarsa, tare da kalmar sirrinsa. To wanda ya sa masa kalmar wasa yana cewa zai gyara daga baya, ya san abin da ya shuka.

Wasu sai su ce to a jefa mutumin cikin rukunin Administrators mana, ai ba Domain Admins ba ne, rukunin masu ikon domen gaba ɗaya. Wallahi wannan dabarar ta fi ba ni haushi, don yaudarar kai ce. Rukunin nan guda ɗaya ne ga dukkan kwantirolin, ka sa shi a ɗaya ka sa shi a duka. Daga nan zai iya shigar da kansa Domain Admins ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Zai iya kwafe NTDS.dit ya tafi da sirrin asusun krbtgt, wanda da shi ake sa hannu a tikitin Kerberos, wato shaidar shiga da domen ke ba mai asusu. Wanda ya mallaki wannan yana iya buga wa kansa tikitin shiga da sunan duk wanda ya ga dama, ko ka canja kalmar sirrin kowa. Kura ce fa ka ba ajiyar nama, ka kuma rubuta a takarda cewa ɗan tsoka ɗaya ka ba ta.

Asusu ɗaya tak ya rage na na'urar ita kaɗai, shi ne na DSRM, wanda ake shiga da shi idan Active Directory ta faɗi ana son farfaɗo da ita. Kalmar sirrinsa ana sa ta ne ranar ɗaga sabar, kuma in za a faɗi gaskiya mu nawa ne za mu iya tuna ta yanzu? Sai ranar da ido ya raina fata a fara neman wanda ya bar aiki shekara uku da suka wuce. Alhali da umarnin ntdsutil ana sauya ta cikin minti biyu, kuma manhajar Windows LAPS da ta fito a Afrilun 2023 tana iya juya ta da kanta ta adana. Shi ma asusun DSRM ɗin ba na bayarwa ba ne, na ranar gobara ne.

Idan reshe ne mai nisa kuma dole wani ya riƙa taɓa na'urar, tun Windows Server 2008 akwai RODC, kwantirolar da ake karantawa kawai. A kanta ce kaɗai za ka iya naɗa wa mutum ikon na'urar ba tare da ka miƙa masa domen ba.

Shi dai ɗan kwangilar nan, ƙarshe ni na zauna na shiga da asusuna, yana tsaye a bayana yana faɗa mini abin da zan danna. Aikin minti ashirin ya kai mu awa guda, ya tafi yana ƙunƙuni.