Ranar da bamba ta riga ni tafiya

Motata ta mutu a tsakiyar hanya. Na murza ki, na sake murzawa, har batir ya koma kukan kyanwa. Janwe ya faɗo mini a rai, na kore shi. Me zan yi da janwe alhali ina da ƙane mai mota da igiya?

Ya iso yana washe baki. "Yaya, ina za a ɗaura?"

Ni da ban taɓa jan ko akuya ba, na ce masa cikin isa: "A bamba mana." Da hannuna na yi ƙulli har uku.

Yaron nan ya taka totur kamar masu bashi sun biyo shi. Igiya ta miƙe, na ji ɓarau! Sai ga bambata tana bin motarsa tana tsalle a kwalta, ni kuwa ina zaune daram, riƙe da sitiyari. Ya yi nisa sosai kafin ya waiwayo. Wai yana ta mamakin yadda motata ba ta da nauyi.

Da ya dawo muka zazzage but. Kusa da safaya muka tsinci wani ƙarfe mai zobe a ka, wanda shekara 4 ina zaton kayan jak ne. Ashe akwai ɗan murfi a jikin bamba, a buɗe shi a murɗa ƙarfen cikin ƙashin motar, a nan ake ɗaura igiya. Mu dai murfi bai wahalar da mu ba, tunda bambar tana kwance a kujerar baya.

Na sa giya a firi, na sauke hambirki, na ja masa kunne ya tafi a hankali, kada igiya ta yi sako-sako. Sannan sabo ya ci ni, na zare ki na jefa aljihu.

A kwanar farko sitiyari ya ce ƙas, ya kulle. Ina laluben aljihu da hannu ɗaya, ɗayan yana waje ina ta yi masa alama. Ya gani, ya ci birki. Ni ma na taka. In inji a kashe yake, taku ɗaya ko biyu ne birki zai yi maka kara, daga nan ya zama dutse, ni kuwa tuni na ɓarnatar da nawa tun a miƙe. Na danna da ƙafa biyu ina salati, amma sai da motata ta je ta gaishe da tasa.

Bakanike ya gama dariya ya ce, "Oga, Allah ya so ka ba atomatik ba ce. Ita sai inji na aiki man giya ke zagayawa. Da ka ja ta nesa taya a ƙasa, da yanzu giyabos muke magana."

Ƙanena yana tsaye a gefe, rungume da tasa bambar.

"Yaya, ita ma a kujerar bayan zan ajiye?"