Lambar Furena a Ƙunshin Ƙosai

Duk wanda ya taɓa tara samfurin tsirrai a Mambila da damina ya san wahalar tana wajen busarwa. Tudu ne mai tsayin kusan mita 1,600, hazo da yayyafi ba sa barin takarda ta bushe. A gefen wata fadama na ci karo da fure na dangin Disa, mai saiwa kamar ƙaramin dankali, wanda ba kasafai ake ganinsa ba. Ƙa'ida ita ce in ba su kai ashirin a wurin ba, hoto kawai za ka ɗauka. Na ƙirga sun haura, na ciri ɗaya.

Irin wannan sai an tsaga saiwar gida biyu ko an tsoma ta a ruwan zafi, in ba haka ba tana nan da ranta cikin matsi, wato katakan da ake danne tsire a tsakaninsu don ya bushe, har ta ruɓar da ganyen. A shimfiɗa shi cikin jarida, a kife ganye ɗaya don a ga bayansa, a rubuta lamba da fensir a gefen jaridar. Lambar nan ce ke cikin littafinka tare da kwanan wata, wuri, tsayin tudu da launin fure, don launi gushewa yake. Sai kwali, sai katako sama da ƙasa, a ɗaure tamau.

Da na ga danshi ya ƙi fita, na kwance matsin da dare na jera jaridun kusa da murhun gidan da na sauka a Gembu. Da safe na tarar da tsirraina tsaf a faranti guda.

"Ɗan nan, ga maganinka na adana maka," in ji Inna, uwar gidan. "Takardun dai na ƙunshe ƙosai da su, ai tsofaffi ne."

Busasshen tsire ba lamba, haki ne kawai. Na zari takalmi sai tasha, ina bin masu karin kumallo ɗaya bayan ɗaya: "Malam, don Allah in ga takardar ƙosanka." Wani ɗan acaɓa ya dubi lambar furena, 214, da na rubuta, ya dube ni, ya cusa takardar a aljihu, wai lambar caca ce nake son yi masa wayo. Sai da na saya masa wani ƙosan har da koko.

Abin da ya cece ni, ɗanyen tsire yakan bar shatinsa a jikin jarida, sai na riƙa ɗora kowanne a kan nasa. Sauran na haɗa da hotuna.

A ɗakin adana tsirrai, bayan an sa su a firiza don kashe ƙwari, na miƙa guntun jaridar mai 214 a matsayin shaida. Ma'aikacin ya sunsuna, ya ce man gyaɗa gayyar ƙwari yake yi, in kwafe lambar in fita masa da takardar waje.