Fim ɗin soyayya mai tafiyar hawainiya ba na kowa ba ne

Jama'a ku daina tura wa ƙannenku irin finafinan nan na soyayyar ƙuruciya masu tafiya a hankali sannan ku dawo kuna cewa yaran yanzu ba su san fim ba. Irin wanda yaro ɗan lise, wato sakandare, zai ga yarinya, a yi minti ashirin bai ce mata uffan ba, sai kallo, sai rakiya daga nesa, fim ya ƙare ma ba a ɗaura aure ba. Wallahi ɗan shekara 17 ba zai zauna ba, kuma ni ban ga laifinsa ba, shi da yake cikin abin tsundum me zai kalla a ciki? So yake a nuna masa yadda za ta ƙare, shi ya sa fim ɗin Indiya da na Kano suka fi shiga ransa, a yi waƙa a yi kuka a ci nasara kan iyaye.

Masu jin daɗin irin wannan fim su ne waɗanda suka wuce wurin. Wanda ya rubuta bak, jarrabawar gama sakandare, ya bar Marwa ko Garwa ya tafi karatu Ngaundere, ya dawo hutu ya tarar an kai kuɗin wadda bai taɓa iya gaya wa komai ba. Ko matar aure mai yara uku da ta tuna wani da ke tsayawa bakin famfo lokacin ɗiban ruwa. Su in aka yi shiru a fim sun san abin da ke ciki, ba sa buƙatar bayani.

Kuma ba sai an je Faransa ko Koriya ba, ga Mahamat-Saleh Haroun nan maƙwabcinmu ɗan Chadi, wanda ya ci kyauta a bikin finafinai na Cannes a 2010. A fim ɗinsa Abouna na 2002 yara biyu ne uba ya tafi ya bari, aka kai su makarantar allo, babban ya kamu da son wata yarinya bebiya. To soyayyar da ɗaya ba ta magana, in ba ka iya kallon fuska da ido ba ai ba abin da za ka kwasa.

Wurin kallo ma yana da nasa. Kar ka kai shi gidan kallo inda samari suka biya sefa ɗari suna jiran a fara duka, za su tashe ka. Falo da yara da baƙi ma bai yi ba, kowa zai dinga tambaya wai har yanzu ba a fara ba? Fassarar Hausa kuwa, duk da ina sonta, kashe shi take, don mai fassara ba ya iya barin shiru, sai ya cusa barkwanci daidai inda ya kamata a yi tsit. Ka sauke shi a waya, bayan isha'i, kai kaɗai, kuma ka cire yatsa daga wurin turawa gaba, in za ka tura gara ka bar megas ɗinka na intanet ka kalli ƙwallo.