Sanyin da ba hunturu ya kawo ba

Kawuna na Zango tsohon ɗan kokowa ne. Yanzu a kan kujera yake sallah, gwiwar dama ta ƙi lanƙwasuwa. In na kira shi sai ya ce, "Ɗana, sanyi ne, hunturun bana da ƙarfi ya shigo Damagaram." Ni kuwa na san ranar da sanyin nan ya soma: ranar da aka kada shi, gwiwar ta murɗe, mai ɗori ya ja ya ɗaure, kwana goma ya koma fili.

A nan Liyon ta Faransa na yi targaɗe a idon sawu wajen ƙwallo. Aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, aka tura ni wurin kine, mai gyaran gaɓoɓi da motsa jiki, wata biyu, ina tsayuwa da ƙafa ɗaya kan wani faifai mai rawa, kamar ɗan lakwal da ya yi laifi. Da farko na ɗauka cin kuɗi ne, don ciwo ya tafi tun sati na biyu. Ashe a wajensu lafawar ciwo ba warkewa ba ce. Guringuntsin da ke bakin ƙashi ba shi da hanyoyin jini, in ya lalace ba ya tohowa kamar fata. Jijiyar da ta saki kuma takan bar gaɓa tana lilo, tana cin kanta a hankali. Kusan rabin waɗanda jijiyar tsakiyar gwiwarsu ta tsinke sukan kamu da amosanin gaɓa cikin shekara 10 zuwa 20. Na idon sawu ma, galibinsa tsohon rauni ne.

Ba raina masu ɗori nake ba, sun sha haɗa ƙashi ya zauna daram. Amma karayar da ta ratsa cikin gaɓa, yatsa ba ya ganinta. Ɗan kabu-kabun da ya faɗi ya kamata ya fara zuwa radiyo, ko da kuɗin zai ci aikin kwana biyu.

Kawu dai diklofenak, maganin rage ciwo, yake saye a tebur, safe da yamma, abin da ke cin ciki da ƙoda. Na roƙe shi ya ga likita, ya riƙa ɗan tattaki bayan la'asar, ya rage tumbi, tunda kilo 1 da ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kilo 4 a kowane taku. Ya yi dariya, ya ce tuwon Inna ne ba zai bari ba.